Idan Kifi Ya Fi Jirgi Nauyi

Kayak wani siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya, wanda mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suka ƙirƙira da fatun dabbobin ruwa. Na zamani da roba ake yin sa, tsawonsa kamar mita 4, nauyinsa bai cika wuce kilo 40 ba. A cikin wannan ɗan abu ne masunta a tsibiran Hawayi suke shiga Tekun Fasifik neman kifin tuna mai rawayar ƙaya, wanda babbansa kan haura kilo 100. To, yaya mutum zai kai irin wannan kifi gaɓa bai kife ba?

Amsar tana cikin tsokar kifin. Idan ɗalibi ya yanka kifin ƙanƙara da ake kira titus, zai ga wani jan nama ya bi gefensa, sauran kuwa fari-fari ne. Jan yana aiki da iskar oksijin, shi ne na doguwar tafiya. Farin na zabura ne: yana ba da ƙarfi nan take ba tare da jiran oksijin ba, amma asid ɗin laktik yakan taru a cikinsa, ya gaji da wuri. Tuna ya fi yawancin kifaye jan nama. Bugu da ƙari, a 1966 Francis Carey da John Teal na cibiyar Woods Hole a Amurka sun nuna cewa jijiyoyin jininsa suna tsare zafin wannan tsoka, ta fi ruwan da ke kewaye ɗumi. Tsoka mai ɗumi kuwa ta fi ƙarfi. Shi ya sa babban tuna yakan yi awa guda ko fiye yana kokawa.

Saboda haka gwanin masunci ba ya gwada ƙwanji. Yakan sassauta birkin kwarkwaron fatsarsa, ya bar kifin ya ja jirgin gaba ɗaya, wani lokaci tafiyar kilomita da dama. Kowace mita kuwa daga ajiyar ƙarfin kifin ake cire ta. Sharaɗi ɗaya ne: sandar fatsa ta fuskanci goshin jirgi. Kayak yana jure ja ta tsawonsa, amma faɗinsa bai kai mita guda ba, da zarar zare ya koma gefe, kafaɗar mutum ta leƙa waje, sai kifewa.

A ganina mita biyun ƙarshe sun fi dukan tafiyar haɗari, kuma nan ne ɗoki yake cutar mutane. Idan tuna ya jigata, yakan kwanta a gefe yana zagaye ƙarƙashin jirgi. Amma farar tsokarsa takan farfaɗo da ɗan hutu, ganin inuwar jirgi kawai ya isa ya sa shi zabura. Wanda ya naɗe zaren a hannunsa a wannan lokaci, ko dai zaren ya yanke shi ko ya bi kifin ƙasa. Don haka ba a ɗaura zare a jiki, ana maƙala wuƙa a rigar hana nutsewa, ba a kuma ɗora kifi a cinya sai an soke shi da mashi a ka, an tabbata ya daina motsi. Ana jawo shi ne kan-gaba, a kwance, ba a ɗaga shi sama.

Saura kifin shak, wanda jini da mutsu-mutsun kifi mai rauni suke kirawo shi. A watan Disamba na 2013, kusa da tsibirin Mawi, shak ya ciji ƙafar wani masunci da ya zura ta cikin ruwa daga kayak, jini ya ƙare masa kafin a kai shi gaɓa. Abokin tafiyarsa ne ya ɗaure raunin, ya nemo taimakon wani jirgi. Dalili ke nan masu wannan su suke fita biyu-biyu da rediyon oba-oba, ƙafafu a cikin jirgi, in shak ya nuno kai kuma a yanke zare a bar masa kifin.