Gishirin Da Ba A Gani A Akushi

A zamanin da, gishiri abin tattali ne a ƙasar Kano. Buzayen Azbin ke ɗauko shi kan raƙuma daga Bilma, kantu domin dabbobi, beza domin miya, su musanya shi da gero da baƙin saƙi. Saboda tsadarsa uwargida ba ta wuce ɗan tsunkule, sauran ɗanɗano kuwa daddawar kalwa ke bayarwa.

Yau al'amari ya juya. A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci, babu teburin mai koli da ba a samun ɗunƙulen magi. Asalinsa daga Turai ne, kamfanin Maggi ya fara fitar da shi a 1908. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kusan rabin nauyin ɗunƙulen gishiri ne tsantsa. Sai a jefa uku ko huɗu a miyar kuka, kana a ƙara gishiri a kai. Kanwar da ake sa wa ɗanwake ita ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri.

Ɗan kasuwa da ya wuni a rumfa ya fi kowa shan kashi. Da safe taliyar leda wajen mai shayi, da rana awara da yaji, da yamma tsire ko kilishi, kowanne da nasa rabon gishiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi ƙasa da giram 5 a yini, watau abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Hujjarta ita ce gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya yi wa jijiyoyi nauyi. Wannan shi ne hawan jini, ciwon da kan shekara bai nuna alama ba, sai ya ɓullo da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda. Magidanci ya kwanta, gona ta zama saura, jari ya tafi a magani.

Rigakafi ba ya bukatar kuɗi. A rage ɗunƙule, a mai da daddawa matsayinta, a ƙara citta da tafarnuwa. In an sa magi, to, a ɗaga wa gishiri ƙafa. Harshe kan saba cikin 'yan makonni. Wanda ya haura arba'in kuma ya riƙa zuwa asibitin shakatafi a auna jininsa. Allah ya ƙara lafiya, amin.