Taimakon tsoho mai gigin tsufa wajen zagayawa

A ƙauyukanmu na Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe, idan tsohuwa ta fara fitsari a zane ko ta tsuguna a tsakar gida, mukan ce ta koma yarinya. Wasu ma har su kira ta mayya. Ba da gangan take yi ba. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Irinsa da ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Mai ciwon yakan ji fitsari, amma ya manta hanyar makewayi, ko ya isa ya kasa kwance tazugensa.

Saboda haka kada mu jira sai ya tambaya. Mu raka shi da asuba, bayan cin abinci, kafin barci, da kuma kamar kowane awa 2 da rana. Idan muka ga yana jan wando, yana kai da kawo, lokaci ya yi. Mu ce a hankali, "Baba, tashi mu zaga." Magana ɗaya a lokaci ɗaya.

Masai kansa yakan tsorata shi. Duhu ne, ga baƙin rami, ga gwiwa ba ta son tsuguno. Kafinta zai iya huda kujerar katako a ɗora bisa ramin, a kafa turke mai ƙarfi a gefe don kamawa. A kwashe turmi, itace da igiyar awaki daga hanya, a ajiye buta cike wuri ɗaya kullum. Da dare a bar fitila, a sa fo ko bokiti mai murfi kusa da shimfiɗa, a zubar a masai da safe. Wando mai roba ya fi na tazuge sauƙi.

Kunya ba ta mantuwa da wuri. Tsohon da ya manta sunan jikansa zai iya ƙin surukarsa ta ga tsiraicinsa, har ya kai duka. Inda ya yiwu, namiji ya taimaki namiji, mace ta taimaki mace. Idan ya ɓata jikinsa, ba faɗa, ba kiran yara su gani. A wanke shi, a tsane fatar sosai don kada ta salluɓe, mu kuma mu wanke hannu da sabulu ko toka.

Kuskuren da muke yawan gani shi ne hana shi ruwa don ya rage fitsari. A zafin Afrilu wannan yana da haɗari, yana kuma sa bayan gida ya yi tauri. Ya sha sosai da rana, a rage da yamma.

Idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, ko ga zazzaɓi ko zafin fitsari, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin sau da yawa ciwon mafitsara ne, yana kuwa da magani. Don duba ƙwaƙwalwar kanta, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato.