"Ai Na Nono Ne, Za Ta Yi Famfara"

Ranar da aka sayar da shinkafa, uba ba ya shiga gida hannu rabbana. Daga Kura zuwa Bunkure da Kadawa, tun da ruwan Tiga ya mai da rani lokacin shuka, kuɗi sun yalwata a hannu, tsarabar yara kuwa ta tashi daga gyaɗa da rogo ta koma minti, cingam, biskit da lemon roba. Faranta wa ɗa ba laifi ba ne. Laifin shi ne yaro ya kwana da zaƙin nan a baki, yau da gobe, ba wanda ya ce zo in wanke maka.

Kwanan baya a bakin kanal na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, ta karkatar da kai tana tauna biredi da gefe guda. Haƙoranta na gaba sun zama baƙaƙen kututture. Na ce da uwar, "Baiwar Allah, an kai ta asibiti kuwa?" Ta ce, "Malam, ai na nono ne, za ta yi famfara."

Maganar nan ce ke cin yaranmu. Haƙoran nono 20 ne, turamen cikinsu kuma ba sa fita sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Shekara nawa ke nan ta kwanan kuka da kumburin kunci? Sannan tun yana ɗan shekara 6 turmin girma ke tsirowa a bayansu, ya tarar da baki ruɓaɓɓe, shi ma ya kama. Wannan in ya tafi babu madadinsa. Kuma ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, balle a turara hayaƙi ta faɗo: ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari, su saki tsamin da ke ƙwaƙule haƙori.

Akwai abin da ya fi kogon haƙori muni. Sunansa noma, ba noman da muka gada ba. Daga kumburin dasashi yake farawa a bakin yaro mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci. In ba magani, yara har tara cikin goma na iya rasuwa. Sakkwato na da asibiti sukutum domin cutar tun 1999, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Mai gida, kai da ba ka barin kwalin tumatir ya kwana biyu ba ka leƙa ba, yau da dare ɗaga leɓen ɗanka ka haska fitila. Uwargida, tun haƙorin farko a soma goge shi safe da dare, da buroshi mai laushi da ɗan ɗigon man goge baki. Kada a kwantar da yaro da shayi a bulumboti. In kun ga dasashi na jini, baki na wari, kunci ya tasa, kada ku jira ranar kasuwa. Ku kai shi asibiti a ranar.