Kafin Kwamfuta Ta Auna Fiffiken Ƙudan Tsando

A yankin Niayes na ƙasar Senegal, ƙudan tsando ya daɗe yana sa wa shanu sammore. Kafin a shiga yaƙin kawar da shi, sai da masana suka nemi sanin ko ƙudajen yankin a keɓe suke, ko wasu na kwararowa daga kudu. Binciken da aka wallafa a 2010 ya duba ƙwayoyin halitta, ya kuma gwada siffar fukafukai, ya gano a keɓe suke.

To, yaya ake gwada siffa? Akan shimfiɗa fiffiken tsakanin gilasai biyu, a ɗauki hotonsa ta madubin likita. Sai mai bincike ya bi shi da manhaja irin tpsDig ta James Rohlf, yana ɗiga alama duk inda jijiyoyi suka haɗu. Sai dai hotunan ba sa zuwa bai-ɗaya: wani fiffiken ya karkace, wani ya koma gefe, wani ya fi ɗan'uwansa girma. In aka gwada su haka, kwamfuta za ta ɗauki karkacewar hoto a matsayin bambancin halitta.

Dabarar Fred Bookstein, masanin Amurka, ita ce a zaɓi ɗigo biyu, misali gindin fiffike da bakinsa, su zama layin tushe. Manhaja ta juya kowane fiffike, ta rage shi ko ta ƙara, har ɗigon biyu su hau wuri guda, kamar yadda tela ke haɗa kafaɗun riguna biyu kafin ya ga wadda ta fi faɗi. Abin da ya saura shi ne siffa zalla.

A nan ne ake son kula sosai. In ɗigon biyu sun yi kusa da juna, ko hannu ya ɗan goce wajen ɗiga ɗaya, kuskuren yakan bi sauran alamomin duka. Shi ya sa masu bincike da yawa suka fi son hanyar Procrustes, wadda John Gower ya faɗaɗa a 1975, domin tana raba daidaitawar kan dukkan ɗigogi. Ita ce manhajar MorphoJ ke amfani da ita. Duk da haka, layin tushe ya fi sauƙin fahimta ga ɗalibi, kuma da shi ya kamata a fara koyarwa.

Manhajojin nan biyu, tpsDig da MorphoJ, kyauta ake sauke su daga intanet.