Zoɓo da Karan Dafi: Kasuwar Rini a Ɗakunan Gwaje-Gwaje

MASHEGU, Jihar Neja – Funfunar da ke ɓata masara da gyaɗa a rumbunan manoman wannan ƙaramar hukuma ba ta bayyana sosai a madubin likita sai an rina ta, domin zarenta kusan ba shi da launi. Rinin da aka saba amfani da shi, wato Lactophenol Cotton Blue, galibi daga ƙetare ake shigo da shi, kuma yana ɗauke da sinadarin fenol mai ƙona fata. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, farashin irin waɗannan kayayyaki ya yi tashin gwauron zabi.

Hakan ya ƙara wa binciken da jami'o'in Nijeriya suka daɗe suna yi muhimmanci. An jiƙa busasshen zoɓo, lalle, kurkum da karan dafi a ruwa ko sinadarin etanol, aka tace, aka ɗiga a kan funfuna irin su Aspergillus da Rhizopus. A gwaje-gwaje da dama, zoɓo ya fito da zare da ƙwayoyin irin funfunar yadda za a iya tantance ta. Batun ba ƙarami ba ne: wani nau'in Aspergillus ne ke haifar da gubar afulatoksin, wadda ke sa a ƙi gyaɗa a kasuwannin Turai.

Rinin itace ba baƙo ba ne a wannan fanni. Har gobe, asibitocin duniya na rina naman jiki da hematoksilin, wanda ake samu daga wani itacen Amurka ta Tsakiya. Karan dafi kuwa, shi dukawan Sakkwato da Kano suka gada wajen rina jar fata.

Sai dai ɗan kasuwa ya yi hattara. Launin zoɓo ba ya tsayawa wuri ɗaya: duk mai dafa shi ya san tsami na ƙara masa ja, kanwa kuma ta juya shi ya yi duhu. Yana kuma koɗewa idan ya daɗe a haske. Ma'aikacin ɗakin gwaji ba zai sayi kwalbar da ta bambanta da ta watan jiya ba.

Saboda haka ribar ba ta wurin mai buhun zoɓo, tana wurin wanda zai tace shi bisa ma'auni guda, ya tabbatar da tsawon lokacin ajiyarsa, ya kuma nemi rajistar NAFDAC. Kasuwar farko da ta fi sauƙin shiga ita ce ta makarantun sakandare da kwalejojin Kontagora da Minna, inda darasin kimiyya ake yi da rinin, ba a yanke hukunci kan majiyyaci da shi.