Idan Mai Wankin Ƙoda Ya Fara Mantuwa

A gidajenmu da yawa mu ɗalibai ne 'yan rakiya asibiti, wai don mu ne masu boko. To ga abin da nake so duk mai jinyar mai wankin ƙoda ya sani, musamman in majinyacin yana da ciwon suga.

Suga ba ƙoda kaɗai yake ci ba. Ƙananan jijiyoyin jini yake lalatawa, kuma irinsu na nan a ido, suna nan a ƙwaƙwalwa. Wanda suga ya kai shi ga na'urar wanki, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta daɗe tana shan nata kason. Ga kuma wankin kansa: a ƙa'ida sau 3 ne a mako, kusan awa 4 kowane zama, ana janye ruwa daga jiki. Wani lokaci jini kan yi ƙasa ana tsakiyar wanki, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Shi ya sa cutar mantuwa ta fi yawa a cikinsu fiye da sa'o'insu.

Sai dai ba kowace mantuwa ce cutar mantuwa ba, kuma a ganina nan ake tafka kuskure. Da an ga Baba ya yi shiru, yana manta maganar jiya, sai a ce ai tsufa ne. Ku duba halin da yake ciki mana. Mutumin da ke ciyar da gida, yau an ƙayyade masa ruwan sha, an hana shi gishiri da ayaba, an sayar da gona saboda kuɗin wanki. Bincike ya nuna kusan 1 cikin 4 na masu wankin ƙoda na fama da ciwon damuwa, kuma damuwa tana daskarar da tunani har ta yi kama da cutar mantuwa. Wata alama da likitoci ke dubawa: mai damuwa shi ke kukan yana mantuwa, mai cutar mantuwa kuwa sau da yawa bai ma lura ba, iyalinsa ne ke lura. Damuwa tana da magani. In an bar ta, mutum kan daina shan magani, ya fara ƙin zuwa wanki, suga ya ƙara rikicewa.

Akwai kuma faɗuwar suga. Ƙoda na cikin masu kawar da insulin daga jini, in ta gaza sai allurar ta daɗe tana aiki, awon da ya saba ya yi masa yawa. In ya ruɗe farat ɗaya, ga gumi ga makyarkyata, a gwada suga nan take. Mai mantuwa kuma yana iya yin allura sau biyu bai sani ba, don haka wani ya riƙe masa lissafi.

Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta lokacin da ruɗewar ke zuwa: bayan wanki ne, bayan allura ne, ko kullum ne? Ku nuna wa likitan ƙoda. Maganin barci ko na damuwa kuwa, kada a saya a kemis da ka, domin awonsa ga mai ciwon ƙoda daban ne.