Gano Lokacin Rufewar Manhajar Yanar Gizo Domin Tsayar da Ayyukan Bayan Fage: Misali Daga Apache Tomcat

Manhajar yanar gizo da aka gina da harshen Java takan ƙaddamar da ayyukan bayan fage, kamar zaren da ke aika saƙonni lokaci-lokaci, ko hanyoyin sadarwa da ma'adanar bayanai. Idan aka sake loda manhajar a sabar Tomcat, injin Java ba ya tsayawa. Saboda haka zaruruwan sukan ci gaba da gudana, suna riƙe da tsofaffin sassan manhajar a ƙwaƙwalwa. Idan aka maimaita lodin sau da dama, sai ƙwaƙwalwar ta cika, sabar ta tsaya cik.

Maganin wannan matsala shi ne ServletContextListener, wanda ya zo tare da ƙa'idar Servlet 2.3 a shekarar 2001. Sabar takan kira contextInitialized yayin tashin manhaja, ta kuma kira contextDestroyed yayin rufe ta ko sake loda ta. A wannan gaɓa ta biyu ce mai tsara manhaja zai umarci zaruruwan su dakata ta hanyar shutdown, ya jira su da awaitTermination, ya rufe hanyoyin ma'adanar, sannan ya cire direban JDBC daga rajista.

Sai dai idan aka kashe sabar da SIGKILL, babu sanarwar da za ta iso. Don haka wajibi ne a tsara kowane aiki yadda zai jure yankewar ba-zata ba tare da bayanai sun salwanta ba.